Tutoci Shida na Dogbe

Duk unguwar masunta ta Kojobiyakofe, can ƙarshen Lome inda Togo ke jingine da Ghana, ba wanda ya kai Kokubi Dogbe sanin ƙasashe. Aji biyu ya yi a makaranta ya gudu, amma ka tashe shi daga barci zai jero maka ƙasashen bakin tekun nan: Kwaddebuwa, Ghana, Togo, Binin, Najeriya, Kamaru. A buhu ya koye su. Matarsa Yawabi ta ɗinka masa tutar kowacce, yana ajiye su cikin buhu ƙarƙashin benci a kwale-kwalensa.

Gaɓar Togo ba ta da wani tsawo, mai injin kirki kafin ya gama karin kumallo ya faɗa ruwan maƙwabta. Kifi kuma bai san da zaman iyaka ba. Saboda haka in Dogbe ya bi garken kifi yamma sai ya ɗaga tutar Ghana, in ya yi gabas ya ɗaga ta Binin. Shekara talatin da ɗaya yana haka, masu sintiri na ɗaga masa hannu, shi ma yana ɗaga musu kamar ɗan ƙasa nagari. Mu da muke zaune a gaɓa mun sha labarin har ya ginshe mu.

Kwale-kwalen nan shi ne abin da ya mallaka a duniya. Da shi aka aurar da 'ya'ya huɗu, kifinsa Yawabi ke ƙyafewa ta kai kasuwa.

Bana kifi ya yi ƙaranci, sai basira ta sauko wa Dogbe. Kowa ya san masuntan Ada, a Ghana, ba sa shiga teku ran Talata, ranar hutun teku ce a wajensu tun kaka da kakanni.

"Ki duba fa," ya ce wa Yawabi yana cin tuwon masara. "Ruwa guda ba kowa. Kifi na ta yawo ba mai tambayarsa."

"Baban Akosiwa, su da suka bar ranar mahaukata ne?"

"Tekunsu ne ke hutu. Namu ran Talata aiki yake."

"To a namun za ka tsaya?"

Sai ya ƙara miya.

Ran Talata da sassafe ya kwashi mutanensa suka yi yamma. Da suka wuce iyaka ya zaro tutar Ghana, sabuwa fil, ya ɗaura a sanda mafi tsawo don kada wani ya yi shakka. Kifi kuwa ya samu, har koma na neman yagewa. Yana cikin yi wa kansa kirari jirgin sintiri ya tsaya a gefensu. Ai ba su sha wahalar nema ba, shi kaɗai ne a kan ruwan.

Babban jami'in ya dubi tutar, ya dubi Dogbe.

"Baba, sannu da aiki. Ɗan ina ne kai?"

"Haba ɗana, ga tuta kana gani. Ɗan Ada ne ni, gaba da baya."

"Ikon Allah. Ni ma ɗan Ada ne. Ubana masunci ne, yanzu haka yana gida yana ɗinkin koma. Yau wace rana ce, Baba?"

Nan Dogbe ya gane tutar ce ta kama shi. Da tutar Togo ya bari, da ya ce iska ce ta kwaso shi, a yi masa faɗa a kora shi gida. Wani ya ɗaga benci ya jawo buhun, aka shimfiɗa tutocin ɗaya bayan ɗaya, jami'in na ƙirgawa da ƙarfi.

An riƙe kwale-kwalen da injin da komar. Buhun ne kawai aka mayar masa, wai ba su ga amfaninsa ba. A mota ya dawo, ya bi layi a bakin iyaka kamar kowa, aka tambaye shi takarda.

Yawabi ta karɓi buhun. Ta haɗa tutocin ta ɗinke su wuri guda, ta yi rumfa a inda take ƙyafe kifin da yanzu sai ta saya a hannun wasu. Nan Dogbe ke yini yana gyaran komar mutane. Wallahi ina tausayinsa, don duk jirgin da ya fita sai ya bi shi da ido har ya ɓace.

Jiya na ji ta ce masa, "Matsa ciki, Baban Akosiwa, rana na dukanka. Koma ƙarƙashin Ghana, yau Talata, ba kowa a wajen."