Rantsuwar da Na Kasa Yi a Kan Kwamfutar 'Yata

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. A firamare karatuna ya tsaya, kuma ina tsoron in faɗi abin da ban tabbatar ba in ɗauki alhakin wani. Amma abin ya ƙi barin zuciyata.

Injin niƙa nake da shi a Birnin Gwari. Babbar 'yata, wadda ta ci sunan mahaifiyata nake kiranta Uwata, tana karatun kwamfuta a wata kwaleji a Kaduna. Da ta zo hutu bayan an cire masara, ta zo da aikin da malaminsu ya ba su: su koyi yadda kwamfuta biyu ke magana da juna, su rubuta abin da zai sa ɗaya ta aika saƙo ɗayar ta amsa. Bai ba su littafi ba. Wuraren da za su duba a intanet ya tura musu, yawanci bidiyo, ya ce kowa ya je ya kalla.

A ina za ta kalla? Tun da aka taɓa katse mana layin waya, sabis bai koma daidai ba a unguwarmu. Kira ma sai an yi sa'a. Mai son data sai ya hau wani tudu a bayan gari, kuma daga tudun ana hango bakin daji. Shi malamin yana zaune inda bidiyo ke buɗewa kafin ya ajiye kofin shayi, bai taɓa tambayar inda ɗalibansa suke kwana ba.

Ni nake yi mata cajin kwamfutar da janaretan shago. Wata rana na ce ta bayyana mini abin. Ta ce, "Baba, kamar gida ne mai ƙofofi da yawa, kowace da lambarta. Ɗaya kwamfutar ta zauna a bakin ƙofa tana jira, ɗayar ta zo ta yi sallama. Sai an amsa sannan a fara zance. Ƙofar ce ake kira soket."

Na ce, "In ba a amsa ba fa?"

"Sai ta sake sallama. Ta fi ka haƙuri."

Na hana ta zuwa tudun. Ta ce in ba ta kai aikin ba za ta maimaita shekara. Na bar ta, ina niƙa ina duban hanya, har na taɓa zuba dawar wata mata a kan masarar wata.

Rannan da hantsi maƙwabcina ya zo shago ya ce 'yan banga sun tare ta. Sun gan ta a kan tudu, fuskarta wajen daji, allon kwamfutar baƙi da farin rubutu yana gudu. A garinmu wanda aka gani haka sunansa infoma, mai kai wa 'yan bindigar daji rahoto.

Na iske ta a ofishin 'yan bangan zaune a benci, kwamfutar tana kan cinyar shugabansu, mutumin da matarsa ke kawo mini niƙa. Ya ce, "Mai inji, wa 'yarka ke aika wa saƙo?"

Ta ce, "Kawu, kwamfutar ce ke magana da kanta, gwaji nake yi."

Wani a baya ya ce, "To kwamfutar ta samu taɓin hankali ke nan, a kai ta asibiti."

Suka yi dariya, shugaban bai yi ba. Ya juyo mini allon. "Za ka rantse ka san abin da ke rubuce a nan?"

Na duba. Haruffan na sani, amma ko kalma ɗaya ban gane ba. Na ce zan rantse a kan tarbiyyar 'yata, amma ba zan rantse a kan abin da ban iya karantawa ba. Ta dube ni, sannan ta sunkuyar da kai. Har yau wannan kallon yana cina.

Ba na zagin 'yan bangan. Sun binne 'yan'uwansu saboda masu kai rahoto daji. Sai da limamin unguwa ya sa baki suka ba da kwamfutar, da sharaɗin kada a sake ganinta a tudun. Fushina yana kan masu ilimin nan da suka zuba shi duka a inda sai mai sabis zai kai, kamar mu ba mutane ba ne. Ita da kanta ta ce gwajin ba ya bukatar intanet, igiyar waya guda tsakanin kwamfuta biyu ta isa. Darasin kawai aka kulle mana a sama.

Yanzu tana gida, aikin ya tsaya a rabi, hutu yana ƙarewa. Tana gaishe ni, tana kawo mini abinci shago, amma ta daina yi mini bayanin ƙofofi.

Don Allah, wanda ya san littafi bugagge a kan yadda kwamfutoci ke magana da juna da yadda ake rubuta soket, ko darussan da za a zuba a memori a kalla ba tare da sabis ba, ya sanar da ni inda ake samu a Kaduna ko Zariya. In kuma akwai wanda aka yi bayaninsa da Hausa, ko shafi kaɗan ne, wannan ni nake so, don in aka sake juyo mini allon in san abin da nake rantsuwa a kai.