Gora Shida a Wadi Digla

Ard al-Liwa zuwa Abbasiya

Ina idar da sallar asuba na fito daga ɗakina a Ard al-Liwa, ranar Asabar, farkon watan Mayu na 2014. Buhu a bayana, cikinsa manyan gorunan ruwa shida. Ba ni na nemi tafiyar ba. Ni ɗan dako ne a kasuwar Ataba, ina ɗaure wa 'yan kasuwar gida kayansu. Alhaji Bala na Kano, mai sarin abaya, shi ya ce in raka shi. Likita ya ce ya riƙa tattaki saboda ciwon suga, sai ɗan ƙanwarsa Sabi'u, mai karatun shari'a a nan Alƙahira, ya ce ya san wuri. Wai wani kwari ne tsakanin duwatsu a bayan Ma'adi, sunansa Wadi Digla. An tuna da ni ne don na taɓa keta sahara daga Agadas zuwa Libiya.

Tuktuk, a-daidaita-sahun Masar, ya kai ni bakin layin dogo, ƙaramar bas ta kai ni Ramsis, wata ta ajiye ni Abbasiya ƙarfe biyar da kwata. Sai shida saura su Alhaji suka sauko daga masaukinsu. Alhaji cikin shadda mai sitaci da takalmi sau-ciki. Sabi'u da farar jallabiya. Abokinsa Nuhu, ɗan Damagaram, ya rungumo kula cike da dafa-duka.

Na ce, "Ɗaurin aure za mu?"

Sabi'u ya yi dariya. "Baba Iro, shan iska ne fa. A hoto na ga mata ma suna zuwa."

"Ruwanku fa?"

"Ba ga shi a bayanka ba?"

Abbasiya zuwa bakin kwari

Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka shiga, fam ɗaya kowa. Sau biyu muka sauya, muka sauka Ma'adi ƙarfe bakwai. A ƙaramar bas mai zuwa unguwar Zahra direba ya dubi Alhaji sama da ƙasa ya ce, "Wadi? Da wannan takalmin, ya Hag? Allah ya taimake ka." Alhaji ba ya jin Larabci, ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗaga masa hannu.

Akwai shingen 'yan sanda kafin gada. Suka karɓi takardunmu, suka buɗe kula, suka shinshina, suka rufe. Minti ashirin. Muka isa ƙofar kwarin takwas da kwata, rana ta riga ta fara nuna hali. Mai tsaron ƙofa ya ce mu fito kafin biyar, kuma babu ko famfo ɗaya a ciki. Sau biyu ya faɗa. Sabi'u ya ce masa, "Tamam, tamam," wato mun ji.

Cikin kwari

Farin dutse ne dama da hagu, irin wanda ake ƙonawa a yi farar ƙasa. Babu itace. Rana ta doki dutse, dutse ya doke ka. In ka duba da kyau za ka ga bawon katantanwa manne a jikinsa. Nuhu ya ce dā can teku ne a wurin. Na ce to yanzu dai ba teku.

A gefen hanya akwai alamar kowane kilomita. A ta uku muka wuce wasu Misrawa da motocinsu suna hura gawayi za su gasa nama. A ta shida na ce mu juya. Alhaji yana ta shan ruwa yana zagawa bayan dutse, na ƙirga sau huɗu. Sabi'u ya ce inda kwarin ya tsuke shi ne abin kallo, saura kaɗan. Alhaji ya ce, "Iro, kar ka mai da ni tsoho a gaban yara." Na gyara buhu. Mai kaya ya ce a tafi.

Sha biyu da rabi muka wuce alama ta goma sha ɗaya, muka shiga matsatsin, inda mota ba ta shiga. Gora biyu da rabi sun tafi, saura uku da rabi. Na ajiye buhu a inuwar dutse na ce, "Ku ci abinci. Kar a taɓa ruwa sai na dawo." Na hau tudu in duba ko akwai gajeriyar hanyar fita. Dutsen yana marmashewa a hannu, kowane taku sai ka gwada. Minti arba'in na yi. Babu hanya, sai wadda muka biyo.

Da na sauko na tarar da su a sahu, Sabi'u yana jan salla. Ƙasa jiƙe a wuri uku. Goruna uku a kwance, babu komai ciki. An wanke hannun maiƙo, an yi tsarki, an yi alwala, kowace gaɓa sau uku-uku, har da tsefe gemu. Rabin gora ya rage.

Na jira suka sallame.

"Wa ya taɓa ruwan?"

Sabi'u ya ce, "Lokacin salla ne ya yi, Baba Iro."

"Ƙasa ta ƙare ne a duniya? Ga ta nan ko'ina. Ba a taimama a makarantarku?"

"Ai ba a taimama alhali ga ruwa a gabanka. Sharaɗin shi ne..."

"Ustaz, kilomita sha ɗaya. Mutum huɗu. Ɗaya mai suga."

Nuhu ya ce, "Ma'alesh, Baba, yi haƙuri." Na ce ya zuba ma'alesh ɗin a gora mu sha. Na bugi ƙasa na yi taimama, na yi sallata.

Komowa

Ƙarfe biyu saura muka juyo. Ba mu fita daga matsatsin ba Alhaji ya zauna. Takalmin ya saɓule masa dunduniya. Leɓensa ya yi fari. Ya daina gumi. Wannan ne ya tayar mini da hankali, don na ga haka a hanyar Dirku, cikin sahara, kuma mutumin da na gani ba mu iso da shi ba.

Na jawo shi ƙarƙashin wani dutse mai rumfa, na cire masa shaddar. Ruwa a murfin gora nake ba shi, murfi ɗaya, in ƙirga ɗari biyu, in ƙara. Waya babu sabis. Alhaji ya fara kiran Hajiya yana cewa ta rufe shago.

Sai ga su biyun a kaina suna tattaunawa da Larabci. Nuhu yana cewa malamai sun ce wanda ke tsoron ƙishirwa, ko ta dabbarsa ce, ya bar ruwan ya yi taimama. Sabi'u yana cewa haka ne, ya ma haddace babin.

Na ce, "Au, yana cikin littafin?"

"Yana ciki."

"To da azahar ina ka ajiye littafin?"

Na juya na ce wa Nuhu, "Kai ne mai ƙafa. Yalla, maza. Bi hanya, kar ka hau tudu, kar ka yanke. Motar da ka fara gani, kwanta a gabanta." Na jiƙa masa baki da murfi ɗaya, ya tafi a guje.

Mota ba za ta iso inda muke ba, sai mun fito da Alhaji fili. Da inuwa ta faɗo cikin kwari, wajen uku da rabi, na goya shi. Na ɗauki dila mai nauyi a Ataba, amma dila ba ta zamewa tana sambatu. Taku ɗari, in sauke. Sabi'u ya ce a ba shi. Na ba shi. Ya faɗi sau biyu a kan gwiwa, jallabiya ta yage, jini ya fito, bai saki kawunsa ba. Yana tafe yana kuka yana cewa, "Kawu, ka yafe mini." Na ce ya rufe baki, hawaye ma ruwa ne.

Murfi na ƙarshe na ba Alhaji ƙarfe huɗu da kwata. Na girgiza gorar a kunnensa don ya ɗauka da saura.

Biyar saura kwata muka ji ƙarar inji. Wata babbar mota ce ta ɗaya daga masu gashin naman nan, Nuhu a gaba. Mai motar ya fito da jarka yana faɗa tun daga nesa: "Ku mahaukata ne? Dattijo kamar wannan?" Ban musa ba. Matarsa ta jiƙa tawul ta ɗora wa Alhaji a wuya, ta hana shi kwankwaɗa, sai kurɓi-kurɓi.

Ma'adi zuwa gida

Mutumin bai tsaya ba sai wani ƙaramin asibiti a Ma'adi. Aka sa wa Alhaji ƙarin ruwa leda biyu. Likita ya tambayi wa ya kai mai suga cikin dutse a watan Mayu. Duk muka dubi ƙasa. Da magariba Alhaji ya buɗe ido sosai, ya gane mu. Ya ce a kira Hajiya, amma kar a gaya mata komai.

Sabi'u ya biyo ni har bakin titi yana ɗingishi. Ya ce, "Baba Iro, da ya mutu fa?"

Na ce, "Da kai za ka kira mahaifiyarka ka gaya mata inda ruwan ya tafi. Koma ciki ka zauna da shi."

Na shiga jirgi zuwa Ramsis, bas zuwa layin dogo, sauran na taka. Ana kiran isha na buɗe ɗakina. Na gode wa Allah da ya fito da mu mu huɗu. Na gode wa Bamisiren nan da matarsa, ko sunansu ban tambaya ba. Na gode wa Nuhu da ƙafarsa. Kwana biyu bayana bai bar ni na fita dako ba. Ranar Laraba na ɗaure wa Alhaji dilolinsa, ya hau jirgin Kano da ƙafarsa.