Kukar Baba a Saman Soro

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Idi, kuma bana ce ta ƙarshe da zan tuna da shi a gidan da ya rene mu a unguwar Mansur, nan Makka. Mai gidan ya sayar da shi, waɗanda suka saya kuma rushewa za su yi. Na samu ɗan gidan haya a Ka'akiyya, a tsakiyar bene, babu tsakar gida babu saman soro. Komai namu zai shiga mota, ban da kukar Baba.

Baba ya yi makarantar boko a Damagaram kafin ya zo Hajji ya zauna. A can wani malami ya ba su labarin wani Bafaranshe na zamanin da, wanda ya bar ƙasarsu ya zo Afirka yana bin ganye da saiwa, yana auna kaurin kuka, har masana suka liƙa wa bishiyar sunansa. Baba kan ce mutumin ya mutu a talauce, tsakanin busassun ganyayensa. “Abokina” yake ce masa, sai ka ce tare suka yi kiwo. Mu kuwa dariya muke yi, mu ce ga mahaukatan ganye biyu sun haɗu.

Wata alhajiya ce ta kawo masa ƙwallon kuka, ya shuka a cikin duro a saman soro. Saboda ƙarancin ruwan Makka, bai taɓa barin na alwala ya zube a ƙasa ba, a kwano yake tarawa ya hau da shi, da ciwon gwiwarsa da komai. Kukar ba ta taɓa yin 'ya'ya ba, tsayinta ma da kaɗan ta fi mutum. Amma in ta yi ganye sai ya busar, ya daka, ya raba wa maƙwabta cokali-cokali.

Ɗana Faisal, wanda Larabci ya fi kama bakinsa, tun yana yaro “kukan Kaka” yake cewa. Baba ya yi ta gyara masa, ya ce kukar ake cewa, kukan na ido ne. Bayan rasuwarsa ni na gaji gyaran, kamar yadda na gaji kwanon.

Makon jiya Faisal ya kawo masu ɗaukar kaya. Suka duba, suka ce duron ba zai bi ta matakala ba, kuma saiwar ta huda ƙasansa ta kama siminti, in an ja za ta tsinke. Na je wurin wani mai sayar da dashe a unguwar Zahir, ya ce bai san bishiyar ba. Na rasa wanda zan roƙa.

Da Baba na nan, ban san ko zai samo dabara ba. Wataƙila zama zai yi a gindinta kamar yadda nake yi yanzu. Abokinsa ko ba komai ya bar suna a kan kowace kuka ta duniya. Shi Baba guda ɗaya ya bari, ita ma ni ce na kasa riƙe masa, kuma abin yana ci mini rai.

Jiya da la'asar na tsinke ganyen duka na shanya. Faisal ya hau ya same ni, ya daɗe yana kallon rassan.

“Umma,” ya ce, “yanzu ina za mu kai kukan Kaka?”

Ban gyara masa ba.