Garmahon Kawu da Faifansa Guda

Ranar da Kawu ya dire mini garmahonsa a kan teburin shago, na ɗauka wani abu ne ya ciro daga cikin injin mota. Baƙi ƙirin da mai, sai warin gareji yake yi. Ni mai gyaran rediyo da salula ne a Tamanrasset, kuma a gidan Kawu, ƙanin mahaifiyata, na sauka lokacin da na zo daga Maraɗi ko hanyar kasuwa ban sani ba. Shi kuwa tsohon direban babbar mota ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar In Amguel. Abin da ya sani game da kowane inji a duniya bai wuce biyu ba: in ya yi ƙara a ba shi mai, in ya yi rawa a ɗaure shi.

Na ce, "Kawu, mi kunka yi ma abin ga?"

"Giris na sa mishi. Ya bar juyawa."

"Giris na kamyo, na babbar mota?"

"To na mi zan sa, na raƙumi?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya jawo benci ya zauna, ya juyo mini da kunnensa na hagu kamar yadda ya fara yi a 'yan watannin nan. Ya ce likita ya duba shi, kunnen dama ya riga ya tafi, na hagun ma yana kan hanya. "Ina son in ji innarku tun da sauran kunne," in ji shi.

Inna matarsa ce, ta rasu a shekarar da ta gabata. Ita ta ciyar da ni har na tsaya da ƙafata, kuma ina sonta kamar wadda ta haife ni. Tun tana budurwa, kafin Kawu ya aure ta, ta yi wa wata zabiya amshi a garinsu, aka ɗauki waƙarsu aka buga a faifai. Kawu ya ci karo da faifan a wata tafiya, ya saye shi, sannan ya sayi garmaho saboda shi kaɗai. Bai taɓa mallakar faifai na biyu ba. Duk lokacin da ya kunna, Inna sai ta tashi ta shige madafa tana cewa a kashe mata wannan abin kunya, amma ban taɓa ganin ta rufe ƙofa ba.

Garmahon irin na akwati ne, lasifikarsa a cikin murfi, ana cire murfin a ajiye gefe. Da na buɗe cikinsa sai na ga abin da ya hana shi juyawa tun farko. Robar da ke jan farantin da ake ɗora faifai a kai ta narke da zafi, ta zama kamar kwalta. Kawu bai san da ita ba, shi dai ya yi ta ɗura giris, yashi kuma ya samu wurin zama. Na kwashe kwanaki ina wanke ƙarfe ɗaya ɗaya da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ina mita ni kaɗai. Sandar tsakiya ɗigon man keken ɗinki kawai take so, shi na ba ta.

Roba kuwa babu mai sayar da irinta a garin nan. Na samo tsohon shambur, wato robar cikin taya, na yi ta yankawa da reza. Wata ta yi kauri, wata ta yi sako-sako, wata ta tsinke a hannuna. Ban yarda na gwada da faifan Kawu ba. Wurin wani mutumin Agadas mai sayar da tsofaffin kaya na samo mataccen garmaho na cire allurarsa, ya haɗa mini da wani faifan da ba wanda ya san mai shi. Wannan mawaƙin ya sha wahala a hannuna, yau ya yi gudu kamar an biyo shi, gobe ya yi nauyi kamar mai jin barci. Na ɗiga alli a bakin farantin, na sa agogo a gabana, na yi ta lura har juyin ya daidaita.

Kawu kullum sai ya zo bayan azahar. Ba ya tambaya, sai dai ya zauna yana kallon hannuna. Ni kuwa kullum sai na ga na ƙara ɗaga murya kafin ya amsa, kuma wannan ya fi robar damuna.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne noti. A kan hannun garmahon, daidai saman allura, Kawu ya ɗaure wani ƙaton noti da waya. Da ya kawo faifan a naɗe cikin tsohon zanen Inna, na wanke shi da ruwan sabulu, na ɗaga shi a hasken rana. Layukan da ya kamata su yi baƙi suna sheƙi sun yi fari fat, musamman wajen tsakiya.

"Kawu, wa ya ce ku ɗora noti nan?"

"Tsalle takan yi, na danne ta."

"Ai ba dannewa kunka yi ba, noma kunka yi! Duk sa'ad da anka kunna, allura tana kankare shi. Nan wurin ya kusa ƙarewa."

Ya dubi inda na nuna, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Nan ne amshin ya fi yawa."

Na kwance notin, na gyara 'yar wayar da ke riƙe nauyin hannun yadda allura za ta zauna ba tare da ta danna ba. Na gaya masa gaskiya, ko da sabuwar allura faifan ba zai jure kunnawa da yawa ba. Na ce zan ɗauki waƙar a salula don kada ta ɓace. Ya ce in ɗauka don kaina da 'ya'yana, shi ko kiran salla ba ya ji a cikin wannan 'yar kwalbar.

Wata Juma'a bayan la'asar na kai masa garmahon gida. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ɗora shayi a kan gawayi ya manta da shi. Na saka faifan, na sauke allura a hankali, na murɗa ƙara har ƙarshe. Sai wata ƙara kamar ta yashi, sannan kalangu, sannan zabiya ta ɗauka, 'yan amshi suka karɓa. Wallahi ya yi daɗi fiye da yadda na zata. Kawu ya kwanta rub da ciki, ya manna kunnen hagu a jikin lasifika. Ina kallon fuskarsa, babu abin da ya motsa.

Can ya ce, "An fara?"

An kusa rabi. Idona ya cika. Ya karanta a fuskata, ya tashi zaune, ya ce in ɗaga allura kada in ƙarar da faifan a banza. Na ɗaga. Shayi yana ta ƙonewa a kan gawayi.

Sai ya miƙa hannu cikin jakar kayan aikina, ya zaro doguwar sukudireba mai ƙotar itace. Ya ce haka direbobi suke sauraron inji a daji in yana ciwo ba a san inda yake ba. Ya kafa bakinta a jikin katakon lasifika, ya ciji ƙotar da 'yan haƙoran da suka rage masa, ya yi mini alama da hannu.

Na sauke allura. Da farko ba komai. Sai na ga babban yatsan ƙafarsa ya fara bin kalangu. Ya rufe ido. Da aka zo wurin nan da ya yi fari, inda ƙarar yashi ta kusa cinye komai, hawaye suka gangaro masa har kan ƙotar. Bai saki ba sai da amshin ya wuce.

Ya zare ta daga bakinsa ya ce, "Ka ji ta? Ita ce ta baya. Kowa ya aje, ita tana ja."

Ban taɓa rarrabe muryar Inna a cikinsu ba sai ranar. Siririya ce, tana ɗan makara, kamar ba ta so a gama.

Faifan ya kai ƙarshe. Kawu ya share ƙotar da bakin rigarsa ya ce, "Maida."

"Kawu, faifan zai ƙare."

"Ni ma haka. Maida."

Ya sake cizon ƙotar, ni kuma na ɗauki allura na mayar da ita farko.