Akwatin da Dogo Kafinta Ya Haɗa

Shekara goma sha ɗaya Dogo ya yi a gindin injin gurzar auduga a Funtuwa, ƙarar injin ta cinye masa kunnuwa tas. Ya koma aikin kafinta, ana yi masa ciniki da hannu. Bai damu da rashin jin surutun kasuwa ba. Muryar matarsa Marka ce kaɗai yake kewa, don tun kafin a sami 'yancin kai rabonsa da ita. Sai dai ya ga bakinta na motsi.

Wata ranar kaka Marcellinus ya zo, haifaffen garin, mai kaɗa wa 'yan rawa jita mai tsirkiya huɗu, wadda muryarta ta fi ta kowace kauri. Akwatin lasifikarsa ne ya faɗo daga kan akori-kura ya tarwatse. Ya dafa amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ya nuna damtse: ƙarfi daga nan yake. Ya dafa lasifikar, ya shafa ciki: muryar kuwa sai da akwati.

Dogo ya haɗa akwati da katakon maɗaci, ya liƙe kowace kafa da kakin zuma, yadda ake yi wa akwatin hatsi saboda ƙwari. Ko tururuwa ba ta samun hanya! Aka jona, aka kaɗa. Marcellinus ya yamutsa fuska, ya kama maƙogwaro kamar wanda aka shaƙe.

Dogo ya ji kunya ƙwarai. Ya huda rami a gaba, daidai faɗin bakin tulu, ya shimfiɗa auduga a ciki don kada katako ya yi ɓaɓatu. Da la'asar aka sake jonawa, shi kuma ya jingina da akwatin don gajiya.

Sai wani abu ya shigo ta bayansa, mai ɗumi, ya bi haƙarƙari ya hau har ƙeya. Dum. Dum-dum. Ya lumshe ido. Ya ga gonar auduga fari fat tana lilo, ya ga hadari na tasowa daga wajen Gozaki, a hankali, ba ya sauri. Ashe ba kunne kaɗai ke ji ba. Bai san hawaye na zuba ba sai da Marcellinus ya daina kaɗawa.

Ko rufe shago bai yi ba ya nufi gida. Ya tarar da Marka tana tankaɗe a tsakar gida. Ya durƙusa a bayanta, ya kifa goshi tsakanin kafaɗunta.

"Yi magana, Marka," ya ce. "Da babbar murya, a hankali."

Ta ajiye rariya. Can sai bayanta ya soma rawa, sannu sannu. Bai gane kalma ko ɗaya ba, amma muryar tata ce, har da ɗan jan da take yi a ƙarshe idan tana masa faɗa.

"Ci gaba," ya ce. "Kar ki tsaya."