Jegon Karyar Maƙwabcina

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Turaki, maƙwabcina ya tafi Lau girbin shinkafa, ya bar mini amanar karyarsa. Mutumin kirki ne, na kasa ce masa a'a. Ya ce, "Abokina, abinci kawai za ka riƙa zuba mata, ba ta da matsala." Abin da bai faɗa ba shi ne cikinta ya tsufa.

Ran nan na shiga gidansa da ragowar tuwo, sai na ji 'yar tsuwa a bayan tulin itace. Jama'a, 'yan kwikwiyo goma sha ɗaya! Ido a rufe, sai mutsu-mutsu suke yi. Kafin wani lokaci uwar ta rame, haƙarƙari duk a waje, nonon ba ya isar su. Masu ƙarfi su danne, ƙananan uku suka koma gefe, ko kukan kirki ba sa iyawa.

Ni da ko kaza ban taɓa kiwo ba, sai na zama likita. Na dama madarar gari ina ɗura musu da cokalin shayi. Ai kuwa sai zawo. Na kira mai karyar, babu sabis a gona. Wallahi na tsorata, don ban san da wane ido zan kalle shi in ce sun mutu a hannuna ba.

Mahaifiyata, da muke kira Dada, ko inuwar kare ba ta so. Kullum na dawo sai ta tare ni a ƙofa: "Wanke hannun nan, ka canja riga kafin ka taɓa mini buta." Ranar ta gan ni na yi tagumi, ta tambaya, na zayyana mata komai. Ta riƙe haɓa.

"Kayya! Kai da hankalinka? A ina ka taɓa ganin an bar maijego da yunwa ana ɗura wa jariri? Uwa ake ciyarwa, ita ta san yadda za ta yi da 'ya'yanta."

Ta tura ni wajen mahauta na kwaso ƙasusuwa da kayan ciki. Ta ciro wata tsohuwar tukunya, ta ce daga yau ta yafe ta. Ta haɗa romo, ta dama gari a ciki ya yi kauri. Na ce, "Dada, saura kunun kanwa da ruwan wanka." Ta ce in ɓace mata da gani.

A rugar iyayenta ta tashi, don haka ta ce in yi yadda ake yi wa maruƙa: in kwashe masu ƙarfin a kwali, ƙananan su sha su ƙoshi tukuna. Daga bayan katanga take ba da oda. "Ka cire wannan baƙin, ya cika haɗama!" Ashe leƙe take yi.

Nono ya kawo. Ƙananan suka fara ture manya, idanu suka buɗe, gida ya rikice da guje-guje. Ranar da ɗan mitsitsin cikinsu ya ciji silifas ɗina, sai da na yi ihu kamar na ci gasar ƙwallo.

Da maƙwabcina ya dawo ya gan su cif, babu wanda ya mutu, sai ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye. Ya zo ya durƙusa a ƙofar Dada yana ta godiya. Ta kawar da kai ta ce, "Ni ban san wani kare ba, ɗana. An ce mini maijego na jin yunwa ne."

Har yau in na tuna sai in ji daɗi ya cika ni. Na daɗe ina zaton sai kana son abu za ka ji tausayinsa. Dada har gobe ba ta son kare, ko ɗaya ba ta taɓa da hannunta ba, amma duk sha ɗayan nan ita ta raya su.