Anti Mita Ta Koma Aji

A tashar tura ruwa ba mai kiranta da sunanta. Anti Mita ake ce mata, don ko gaisawa kuke yi, rabin idonta na kan allurar wata mita. Shekara goma sha tara tana injiniya a ɗakin nan mai injina uku, har ƙararsu ta sa ko a gida da ƙarfi take magana.

Gyara kam ta iya. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne da an ɗauke wuta injina su yi shiru, famfunan unguwanni su ƙafe, janareta kuwa ya sha mai kamar ba gobe. Tana da shekara arba'in da biyar ta nemi gurbin digiri na biyu a fannin tsarin makamashi da sarrafa shi, ajin Asabar da Lahadi na ma'aikata. Maigidanta ya ce ya amince, da sharaɗin zai riƙa duba jakarta ko ta yi aikin gida.

Zangon farko ta sha wuya. Lissafin da ta bari tun tana budurwa ya juya mata baya, ta faɗi jarrabawa ɗaya, ta yini biyu ba ta ko dariya. Ta sake zama, ta haye da ƙyar.

Malaminsu, wanda bai wuce sa'an ƙaninta ba, ya sa kowa ya auna wutar da wurin aikinsa ke ci har wata guda. Nan ta lura cewa da tsakar rana, lokacin da rana ta fi ƙarfi, babban tankin da ke kan tudu rabinsa wayam yake. Ranar da ake darasin adana wuta, kowa na zancen batir, sai ta ɗaga hannu.

"Malam, ni ina da batir. Na siminti ne, yana bayan ofishina."

Aji ya kwashe da dariya, amma malamin ya miƙa mata alli. Ta zana yadda wutar hasken rana za ta tura ruwa sama zuwa tankin, in wuta ta tafi ya gangaro da kansa.

Da ta kai masa zanen, manajan tashar ya ce takarda ba ta tura ruwa. Sai da ta yi ta sintiri ofishinsa kafin ya ba ta ƙarami cikin injinan ta haɗa shi da wutar hasken rana, da wata uku na gwaji. Makon farko hadari ya ba ta kunya, ta koma ta gyara lissafinta. A wata na biyu aka yi kwana uku ba wuta, amma unguwa biyu ba su rasa ruwa ba.

Ta kammala karatun bara. Yanzu abokan aikinta biyu sun shiga ajin, da hutun rana sukan jawo kujeru kusa da teburinta da littattafansu, ita kuma ta tura musu kalkuleta.